Rasuwar Na-Gabas, Dish Ɗin Gidan Jalo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin nauyi, ni Hadizatu Jalo, a madadin iyalan Malam Abdul-Rashid Jalo na Gombe, mazauna Abbey Wood a birnin London, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar dish ɗinmu na tauraron ɗan Adam, wanda aka fi sani da Na-Gabas. Ya rasu ranar wata Lahadi da hantsi, a barandar flat ɗinmu da ke hawa na biyu, yana da shekara goma sha ɗaya a duniya. Bai yi jinya ba, ba kuma iska ce ta kayar da shi ba. Ƙanena Hamdan ne ya kashe shi da sifana, da kyakkyawar niyya, kuma wannan kyakkyawar niyyar ita ta fi komai ƙona min rai.

Sanarwar ta makara da mako biyar. Ina neman afuwa. Na ɓata makonnin ne ina yawon neman wanda zai gaje shi, kuma zan gaya muku abin da na gano a yawon, don kada wani ya sha irin wahalar da na sha.

An kafa marigayin a watan da Baba ya dawo zama wurina, bayan rasuwar mahaifiyarmu, Hajiya Katumi. Baba bai so London ba ko kaɗan. Mutum ne da ya yi shekara talatin da biyar a ma'aikatar safiyo yana auna filaye, wanda ko an rufe masa ido zai nuna maka arewa, sai ga shi a garin da ake yin mako guda ba a ga inuwar mutum a ƙasa ba. Don in rage masa kewa na sa aka kawo dish, saboda tashar nan da ke nuna Harami kai tsaye. Ma'aikacin ya ɗaure shi a bangon baranda, fuskarsa tana waje, ƙeyarsa tana kallon tagar falo. Da ya tafi, Baba ya ɗauko tsohon kamfas ɗinsa na aiki, ya fita barandar cikin sanyi, ya daɗe yana aune-aune. Da ya shigo ya ce, “Wannan mutumin kirki ne. Gabas yake kallo.” Daga ranar sunan ya bi shi.

Waɗanda ke gida ba lallai su gane wannan ba, amma duk Musulmin da ya zauna a ƙasar nan ya san dabarar. In salla ta riske ka a unguwar da ba ka sani ba, ɗaga kai kawai za ka yi ka dubi bangon gidaje. Duk dish ɗin da ke layin wuri ɗaya suke kallo, kamar sahu, kuma wurin yana kusa da alƙibla. Namu dai shi ne a gaba, mu muna bayansa. Shekara goma sha ɗaya Baba yana tsayawa a taga, ya dubi ƙeyar Na-Gabas, ya shimfiɗa darduma, ya ɗan gyara tsayuwa zuwa hagu, ya tayar da salla. Wannan ɗan gyaran zuwa hagu na sha ganinsa, na ɗauka ciwon ƙugunsa ne.

Marigayin mai haƙuri ne. Tattabarun Abbey Wood sun mai da kansa makewayi, bai taɓa kai ƙara ba. Ƙanƙara ta sauka masa, hayaƙin bas ya baƙanta shi, tsatsa ta ci gefensa, yana nan tsaye. Ba shi da surutu. In iska ta taso daga kogi za ka ji shi yana “ƙiiƙ, ƙiiƙ” a hankali, kamar tsohuwar ƙofar da ba ta son damun masu gida. In ruwa ya sauko sai “tas, tas, tas” a fuskarsa. Ba zan ɓoye aibinsa ba, tunda ba a yi wa mamaci ƙarya: ba ya son ruwan sama mai ƙarfi. Da hadari ya haɗu sai hoto ya farfashe, masu ɗawafi su koma ƙananan akwatuna, allo ya yi shuɗi. Amma bai taɓa ɓoye dalilinsa ba. Kana leƙa taga za ka ga abin da ya hana shi aiki, kuma ruwa na ɗaukewa yake dawowa bakin aiki ba tare da an buga wa kowa waya ba. A yau na san darajar wannan halin.

Shekara uku da suka wuce ciwon mantuwa ya kama Baba. Ya fara da makulli da tabarau, ya wuce zuwa sunayen jikoki, daga baya ya ci nawa sunan. Yanzu Katumi yake kirana, ni kuma ina amsawa. Ya manta ya ci abinci, ya manta wace ƙasa yake, wata rana ya tambaye ni ko direban ofis ya iso. Abu ɗaya ciwon ya kasa taɓawa. Lokacin salla na yi zai miƙe da kansa, ya yi alwala daidai, ya je taga, ya dubi Na-Gabas, ya shimfiɗa darduma, ya gyara zuwa hagu. Raka'a ba ta taɓa ɓace masa ba. In ya sallame sai ya zauna gaban talabijin yana kallon ɗawafi, hankalinsa kwance, ni kuma in samu in yi aikina na tafinta da nake yi daga gida. Da wannan farantin ƙarfen nake riƙe da mahaifina a gida, kuma ban san haka ba sai da ya faɗi.

Yanzu ga yadda ajali ya zo.

Hamdan yana zaune can yammacin gari, a gidan da ƙofar gareji ke buɗe kanta. Yana zuwa duba Baba sau ɗaya a wata, kuma duk zuwa sai ya gano wani abu da nake yi ba daidai ba. Ran nan ya zo da sabuwar waya mai nuna alƙibla. Ya tsaya a taga, ya miƙa ta, ya dubi dish, ya dubi waya, fuskarsa ta canza kamar wanda ya kama ɓarawo.

“Yaya, kin san dish ɗin nan off yake? Ya karkata dama sosai. Shekara goma sha ɗaya Baba yana salla yana kallon wani wuri daban, ke kuma kina zaune.”

Na ce masa limaminmu na Woolwich ya sha faɗa cewa wanda ke nesa da Makka, fuskantar jiha ta wadatar masa. Na ce ya bar abin yadda ya gan shi. Ya ce minti biyu ne, zai yi sorting ɗinsa. Na shiga kicin in sauke miya. Ko da na ji shi yana buɗe akwatin kayan aiki ban kawo komai a raina ba, don ban taɓa zaton akwai mai digiri biyu da bai san cewa dish tauraronsa yake kallo ba, ba Ka'aba ba. Ashe akwai, kuma nono ɗaya muka sha.

Kalmomin marigayin na ƙarshe na ji su daga kicin. Ya ce “ƙiiiƙ” mai tsawo, irin wadda bai taɓa yi ba. Sannan “ƙas!” Notin da tsatsa ta riƙe shekara goma sha ɗaya ya karye. Dish ya kifa, ya bugi ƙarfen baranda, fuskarsa ta lanƙwashe, hannun nan nasa mai ɗauke da idon da ke kama hoto ya ɓalle ya faɗa ƙasa ya tarwatse. A falo ɗawafi ya tsaya cak, allo ya yi shuɗi, kuma babu ko ɗigon ruwa a sama. Na fito da ludayi a hannu na tarar da Hamdan riƙe da sifana, gawa tana lilo a jikin waya. Garin neman gira ya rasa mana ido. Abin da ya fara ce min shi ne, “Ai dama ya tsufa.”

Maƙwabcinmu na ƙasa, Malam Mordecai, mutumin Pankshin, direban bas, shi ya hau tsani ya sauko da gawar kafin ta faɗo kan wani. Ya juya ta, ya shafa lanƙwasar, ya girgiza kai ya ce, “Hajiya, wannan ya tafi. Ko an miƙe shi ba zai sake kama signal ba.” Na lulluɓe shi da tsohon zani na jingine a bayan ƙofar sito. Yana nan har yanzu.

Da azahar ɗin ranar Baba ya yi alwala ya je taga. Ya tsaya da darduma a hannu yana kallon bango, inda ba abin da ya rage sai ramuka huɗu da zanen tsatsa. Na karɓi dardumar na shimfiɗa masa. Ya ce, “Wa ya ce nan ne?” Na ce ni na ce. Ya ce, “Katumi, ke da ko hanyar kasuwa sai an raka ki?” Ya naɗe abarsa ya koma taga. Watan Nuwamba ne, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Duk ukun suka wuce shi yana tsaye. Mutumin da ban taɓa ganin ya haɗa salla biyu ba tun ina yarinya. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka, don kada ya ji.

Washegari na fara neman magani. Masu kawo talabijin da intanet gida a ƙasar nan kashi uku ne: 'yan sama, 'yan wayar tarho, da 'yan kebul na ƙarƙashin ƙasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, don sunan ba shi da amfani. Duk kanwar ja ce.

Na fara da 'yan sama, tunda su ne dangin mamacin, na ɗauka za su fi kowa jin mutuwar. Minti arba'in ina riƙe da waya ana kaɗa min wani kiɗa, wata murya tana katsewa tana tabbatar min cewa kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Da mutum ya ɗauka, ko gaisuwar rashi bai yi min ba. Murna ma ya yi. Wai dish ya zama tsohon yayi, yanzu suna da ɗan akwati da ke kawo komai ta intanet, ba sai an ɓata bango ba. Na ce bangon nake so a ɓata. Ya ce to sai na kawo takardar izini daga kamfanin da ke kula da gininmu. Na rubuta musu, suka amsa bayan kwana tara cewa an daina ba da izinin kafa sabon dish a fuskar ginin, don yana rage masa kyau. Ginin da lif ɗinsa ke warin fitsari tun bara, shi ake tattalin kyansa. Dangin mamaci kenan, tun ba a yi sadakar uku ba sun raba gado sun manta da shi.

Na koma ga 'yan wayar tarho. Dama su ke ba ni intanet ɗin da nake aiki da shi, ta tsohuwar wayar da ta girmi auren iyayena. Suka ce ai shi ke nan, talabijin ma za ta bi ta nan. Suka ambaci wani gudu mai ban tsoro, amma kowace jimla tasu tana farawa da “har zuwa”. Ni ma in haka ne zan iya cewa ina dafa har zuwa tukunya goma a rana. Akwatin ya iso ta gidan waya, na haɗa da kaina, Harami ya dawo. Minti uku ana ɗawafi lafiya, sai kowa ya daskare, ƙafa ɗaya a sama, wata 'yar da'ira ta fito tsakiyar allo ta ci gaba da zagayen ita kaɗai. Baba ya matso kusa ya ce, “Wa ya tsayar da su? A ce su ƙarasa mana.” In kuma na kunna kwamfuta don aiki, to alhazai sun tsaya kenan sai na tashi. Na buga waya, suka ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Suka ce nisanmu da akwatinsu na bakin titi ne matsalar, kamar ni na zaɓi inda aka gina gidan. Na-Gabas daga sararin samaniya yake ɗauko Makka, bai taɓa yi min ƙorafin nisa ba.

Su kuwa 'yan kebul ba ni na neme su ba, su suka nemo ni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takardunsu suka cika min ƙofa, sannan wata mata mai jaka da murmushi ta hawo har hawa na biyu. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansu: abinsu yana da gudu, hoton kuma tas, ruwa da iska ba ruwansu da shi. Amma kafin ka kai ga gudun sai ka tsufa. Suka ce in zauna a gida daga takwas zuwa ɗaya. Na zauna, ba su zo ba. Suka sa wata rana, suka zo suka kalli bango suka ce ba su ne masu huda ba, masu huda daban. Masu huda suka zo suka ce ba su ne masu tona hanya ba. A zuwa na huɗu aka haƙa gefen hanya, aka huda min bangon falo, aka bar min ƙura a kafet da wani baƙin akwati mai ƙyafta ido. Tasha ɗari biyu da wani abu, in ji su. Na bi su da rimot: masu toya kek, masu gyaran tsohuwar mota, masu sayen gida a bakin teku, masu wanke karnuka. Tashar da nake nema tana can ƙarshe, sai ka wuce duk karnukan.

Kowanne cikin ukun na yi masa tambaya ɗaya: akwatin naku ina yake kallo? Na sama ya ce bai gane ba. Na tarho ya ce zai tura ni wani sashe. Matar kebul ta yi dariya ta ce ai daɗin nasu kenan, ko'ina ka ajiye shi daidai ne. Ta faɗa da alfahari. Abin da ko'ina daidai ne a wurinsa, me zai nuna wa tsohon da ya ɓata?

Na zauna da 'yan kebul, ba don so ba. Harami ya dawo falo ba ya daskarewa, aikina ma ya daina yankewa. Amma Baba bai koma salla ba. Na liƙa takarda mai kibiya a bango, ya ɓare ta. Limaminmu ya zo har gida ya ja shi salla, ya bi shi lafiya lau, amma liman na fita ya koma taga. Liman ya kwantar min da hankali cewa Allah ba ya kama wanda hankalinsa ya gushe. Na sani. Ba hisabin Baba nake tsoro ba. Tsayuwar nan tasa ce a taga, da darduma a hammata, yana ɗaga labule yana sakewa, ga rashin ci, ga faɗa da ba halinsa ba.

Ranar Talatar makon jiya ina tsakiyar fassara wa wata mata da likitanta, ban ji buɗe ƙofa ba. Da na fito falo ba Baba, ba darduma. Na sauka da gudu ba ko mayafi. Na zaga ginin, na nufi tashar jirgi, na dawo. Malam Mordecai ne ya gan shi, yana dawowa daga aikin safe, layi uku daga gidanmu. Baba ya samu wani gida mai dish a bango, ya shimfiɗa dardumarsa a gefen titi a kan jiƙaƙƙen siminti, da silifas da 'yar shara a cikin wannan sanyin, yana la'asar. Mordecai bai katse shi ba. Ya cire rigar sanyinsa ya riƙe, ya tsaya yana kare shi daga masu wucewa har ya sallame, sannan ya yafa masa ya riƙo hannunsa. Allah ya saka wa wannan bawan nasa da alheri. Baba ya shigo gida fuskarsa a sake, rabon da in ga haka tun ranar rasuwar Na-Gabas.

Da Hamdan ya ji, maganinsa a shirye yake. “Yaya, this is not safe. Na yi booking na assessment ranar Litinin ta sama, za a duba Baba. Akwai care home mai kyau kusa da ni, gidan kula da tsofaffi, har prayer room gare su.” Wato wanda ya karya tukunya shi ne ya zo da shawarar a rushe murhu.

Malam Mordecai ne ya ce min wani abu a matakala da ya tsaya min a rai. Ya ce, “Hajiya, na lura Baba bai tsaya daidai da dish ɗin mutanen ba fa. Ya duba shi, ya buɗe hannu haka, sai ya juya hagu kaɗan.” Na hau sama na tsaya a falo ina kallon kafet. Shekara goma sha ɗaya na goshi da gwiwa sun bar sawu a wurin, dogon wuri da ya koɗe ya kwanta. Na kira Hamdan na ce ya zo da wayar nan tasa. Ya zo. Na ce ya ɗora ta a kan sawun. Ya ɗora. Kibiyar ta yi rawa, ta yi rawa, ta kwanta a tsakiyar sawun ɗoɗar, ko kaurin gashi ba ta kauce ba.

Ashe ba ƙugu ba ne. Tun ranar farko da ya fita da kamfas, Baba ya auna ya san Na-Gabas ya karkata dama, ya san da nawa ya karkata, ya ajiye gyaran a jikinsa. Ciwon ya cinye sunana, bai kai ga wannan awon ba. Tsohon ma'aikacin safiyo bai taɓa yin salla a karkace ba ko sau ɗaya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, balle baranda.

Hamdan ya daɗe durƙushe a kan kafet ɗin. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, “Yaya, zan yi cancel.” Na ce kada ya soke tukuna, ya ɗaga ranar dai. Ba na son alkawarin da aka yi cikin kunya, kuma ni ma ban san ko abin da na shirya zai yi aiki ba. In bai yi ba, ba ni da bakin hana su ɗaukar Baba, don ba zan iya tsare ƙofa da aiki a lokaci guda ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma ita ke hana ni sukuni.

Marigayin ya rasu ya bar dikoda ɗaya, wadda ke zaman takaba a ƙarƙashin talabijin, fitilarta ja. Ya bar rimot mai ɗaure da roba, da waya mita goma sha biyu da ba ta zuwa ko'ina, da tattabaru da dama waɗanda yanzu suka koma ɓata min shanya. Ya bar 'yan'uwa a bangon gidaje daga nan har Deptford, da yawansu sun daɗe da mutuwa a tsaye ba wanda ya lura, tunda masu gidajen sun koma kebul. Ya kuma bar tsoho ɗaya mai shekara tamanin da ɗaya, wanda har yau yake tambaya ina mutumin nan ya tafi.

Ga tsarin jana'iza.

Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a gidanmu, don a gama kafin azahar. Ni zan yi wa gawar wanka da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Malam Mordecai zai miƙe fuskar gwargwadon iko, ya kawo tsani da sababbin notuna. Ba za a kai shi juji ba, ba za a ba masu gwangwan ba. Za a mai da shi ramukansa huɗu na bangon baranda, ba waya, ba ido, ba tasha. Na karanta wasiƙar masu ginin sau uku. Sabon dish suka hana, ba su ce komai a kan matacce ba.

Hamdan ya kawo shawara cewa tunda yanzu marigayin ba shi da tauraron da zai bi, a fuskantar da shi alƙibla sosai, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Shawarar tana da daɗin ji, kuma an ƙi ta. In aka daidaita shi, Baba zai dube shi ya gyara zuwa hagu kamar kullum, ya kauce. Don haka za a mai da Na-Gabas kan karkatarsa ta dā, daidai da dish ɗin Malam Mordecai na ƙasa, wanda ba a hango shi daga tagarmu, ba ƙari ba ragi. An ba Hamdan aikin riƙe ƙafar tsani. An haramta masa taɓa sifana, a ranar da kuma bayanta.

Masu zuwa daga cikin gari su hau jirgin ƙasa na Elizabeth line su sauka a tashar ƙarshe, tafiyar minti bakwai ce a ƙafa. Akwai shayi da ƙosai. Ba a bukatar wakilin kowane kamfani, na sama ko na ƙasa, kuma duk wanda ya zo min da takardar talla zai koma da ita a aljihunsa.

Roƙo ɗaya nake yi, kuma don shi na rubuta duk wannan. Baba zai kasance a ɗaki har a gama, sannan in lokacin azahar ya yi zai fito ya je taga da kansa. Don Allah kada kowa ya yi min ta'aziyya a gabansa, kada kowa ya nuna masa wurin shimfiɗa darduma. Ku bar shi ya duba. In ya juyo ya tambaye ku labarin mutumin nan, ku ce masa ya dawo, yana nan inda yake, yana kallon gabas. Ba ƙarya kuka yi ba.